Sharhi: Ina manyan kifayen madatsun ruwan arewacin Kano suka shiga?

Masunta a madatsun ruwan da ke arewacin jihar Kano sun daɗe suna kokawa cewa babban kifi na ƙara wuyar samu, kuma abin da ya fi cika ragarsu shi ne ƙananan karfasa waɗanda ba su wuce tafin hannu ba.

Masana harkar kamun kifi na ganin cewa tushen matsalar yana wajen ƙananan kifayen da manyan ke ci, waɗanda ake kwashewa tun ba su kai girman da za su hayayyafa ba.

Batun ya shafi iyalan da su ya zame musu sana'ar rani, ya kuma shafi magidanta a ƙauyuka da birni, waɗanda kifi ne naman da aljihunsu ke iya kaiwa gare shi.

Alamar da masunci ke nema

Duk wanda ya san su ya san alamar. Da sanyin safiya ko da la'asar sakaliya, sai wani gefe na tafki ya ɗauki motsi kamar ana yayyafi, ƙananan kifaye na ta tsalle a saman ruwa, tsuntsaye kuma na shawagi a kansu.

Abin da ke faruwa a ƙasa farauta ce. Manyan kifaye masu cin 'yan uwansu ne suka yi gungu, suka koro garken ƙanana zuwa sama ko zuwa gaɓa, inda ba su da wurin gudu. Masuncin da ya kai kwale-kwalensa wurin a kan lokaci, ya jefa birgi, yakan samu a jifa ɗaya abin da zai yini bai samu ba.

Wannan ɗabi'a sananniya ce a ruwaye da dama na duniya. Tsage na farauta a gungu a kogin Kwara da tafkin Chadi. A fadamar Okavango da ke ƙasar Botswana, masana sun nazarci yadda tarwaɗa ke haɗuwa da yawa idan ruwa ya fara janyewa, suna kaɗa wutsiya cikin ciyayi domin su firgito ƙananan kifaye. A Amurka kuwa, masu kamun kifi don nishaɗi kan bi tsuntsaye da jiragensu domin gano inda kifin nan da suke kira bass ke bin garken ƙananan kifaye, har ma hukumomin wasu jihohi kan zuba irin waɗannan ƙananan a tafkuna da gangan domin manyan su sami abinci.

A ƙananan madatsun ruwan arewacin Kano, tarwaɗa da ragon ruwa su ne manyan mafarauta. Abincinsu shi ne 'ya'yan karfasa da kawara da sauran ƙananan kifayen da ke yawo a garke.

Tafkuna a tsakiyar gonaki

Asalin wannan yanki ba na masunta ba ne. Ƙasa ce ta gero da dawa da gyaɗa da wake, inda damina ba ta wuce wata huɗu zuwa biyar, kuma kogunan Gari da Thomas da Jakara da Watari na damina ne, waɗanda kan koma yashi idan rani ya yi nisa.

Ƙasa ce kuma mai cunkoson jama'a. Tun a shekarun 1960 masanin labarin ƙasa Michael Mortimore, wanda ya koyar a jami'o'in Zariya da Kano, ya bayyana kewayen birnin Kano a matsayin ɗaya daga cikin yankunan karkara mafiya yawan jama'a a Afirka, inda ake noma gona kowace shekara ba tare da an bar ta ta huta ba, ana riƙe ƙarfinta da taki.

Gwamnatin soja ta Audu Bako, wanda ya mulki jihar daga 1967 zuwa 1975, ita ce ta ɗauko shirin gina madatsun ruwa, kuma farin da aka yi a farkon shekarun 1970 ya ƙara wa shirin ƙaimi. An kammala babbar madatsar Tiga da ke kudancin jihar a 1974. A 'yan shekarun da suka biyo baya aka samar da ta Thomas a yankin Ɗambatta da Makoɗa, da ta Jakara a Wasai cikin ƙaramar hukumar Minjibir, da ta Watari a Bagwai, da ta Gari a yankin Kunchi.

Manufar gina su ita ce samar da ruwan sha, da noman rani, da shayar da dabbobi. Kifi ƙari ne aka samu a kai.

To amma ƙarin ya zama babba. Ruwa ya cinye gonakin wasu ƙauyuka, kuma daga cikin waɗanda suka rasa gona akwai waɗanda suka koyi su daga baƙin masuntan da suka biyo sabon ruwa. A yau akwai gidajen da suka yi jikoki a cikin sana'ar, suna noma da damina, suna shiga ruwa da rani.

Kamar yadda aka saba gani a sababbin madatsu, shekarun farko na yalwa ne, domin ciyayi da takin da ruwa ya rufe kan ruɓe su zama abincin kifi. Tafkin Kainji, wanda aka tare a 1968, ya ba da kifi sama da tan dubu 28 a 1971, amma kafin ƙarshen shekarun 1970 adadin ya faɗo ƙasa da tan dubu 10. Saboda haka wani ɓangare na raguwar da dattawan masunta ke tunawa da ita abu ne da dama ake sa ran faruwarsa. Sauran ɓangaren kuwa aikin ɗan Adam ne.

Babba da ƙarami

Ƙa'idar da masana muhalli ke aiki da ita mai sauƙi ce. A kowane mataki na cin abinci, kusan kashi ɗaya cikin goma ne kawai ke zama tsoka a jikin wanda ya ci. Ke nan kafin a sami kilo ɗaya na kifi mai farauta, sai ya cinye kilo da dama na ƙananan kifaye.

Su kuma ƙananan suna da wurin haihuwa da lokacinta. Karfasa na haƙa gurbi a ruwa maras zurfi kusa da gaɓa, kuma a wasu nau'o'inta uwar kan riƙe ƙwai da 'ya'ya a cikin bakinta har su yi ƙwari. Tarwaɗa kan jira ruwan damina ya hau kan ciyayin bakin tafki, sannan ta fito ta zuba ƙwai. Makonnin farko na rayuwar kusan kowane kifi a tafkin suna wucewa ne a wannan siririn wuri da ke tsakanin ruwa da gona.

Idan aka kwashe ƙananan a nan, manyan za su rasa abinci, kuma za a rasa waɗanda za su girma su maye gurbinsu.

Idan kuma manyan aka ƙarar, wata matsalar ce ke tasowa. Masu kiwon kifi sun san cewa karfasar da ba ta da mai cin ta kan yi yawa fiye da abincin da ke ruwan, ta fara haihuwa tun tana ƙarama, ta tsumbure. Sai tafki ya cika da kifi amma babu na kirki a ciki. Wannan ne ya sa masunci zai iya cika kwando ya kuma koma gida da kuɗin da bai kai na cefane ba, domin a kasuwa girman kifi ake saye.

Raga mai ƙananan ido

Masunta kan auna idon raga da yatsu. A da, kalli mai ɗaukar yatsa uku ko huɗu shi ne abin aiki, kuma duk kifin da bai kai ba sai ya wuce abinsa.

Da babban kifi ya fara ƙaranci, sai aka koma yatsa biyu, daga nan ɗaya. Kowane masunci na da hujjarsa, domin idan ya bar ƙaramin kifi yau, maƙwabcinsa ne zai kama shi gobe. Amma idan kowa ya yi haka, baɗi sai an sake rage idon ragar.

Wanda ya fi ɓarna shi ne taru, wato doguwar ragar da ake zagaye gaɓa da ita a jawo ta tudu. Tana share duk abin da ke wurin, har da gurbin ƙwai. A sassa da dama na Afirka, ciki har da Najeriya, an kuma sha samun rahotannin yin su da gidan sauron da ake rabawa kyauta domin yaƙi da zazzaɓin cizon sauro, wanda idonsa ko ɗan tsakon kifi ba ya iya ratsawa. Akwai kuma masu zuba maganin ƙwari a ruwa, abin da ke kashe babba da ƙarami, ya kuma jefa mai ci cikin haɗari.

Sai dai kuma ƙaramin kifi ba shara ba ne. Mata ne galibi ke sayen sa a bakin ruwa, su soya ko su busar, su kasa shi a kasuwannin ƙauye. Shi ne ke shiga miyar gidan da ba zai iya sayen nama ba, kuma masana abinci na cewa cin sa ɗungurungum da ƙayarsa na ba yara sinadaran gina ƙashi da jini. Duk dokar da za ta hana kama shi baki ɗaya, talaka za ta fara taɓawa.

Don haka masana ke bambanta abu biyu: nau'in kifin da dama ƙarami ne ko da ya manyanta, da kuma ɗan babban kifi wanda bai gama girma ba. Taru da gidan sauro ba sa yin wannan bambanci.

Ruwa ɗaya, mabuƙata da yawa

Ko da a ce masunta sun gyara ragarsu, ba su kaɗai ke da ruwan ba.

Noman rani ya bunƙasa a kewayen waɗannan madatsu, musamman Watari da Thomas, inda ake noman shinkafa da tumatir da albasa da alkama. Ƙananan injunan ban ruwa sun sa kowane manomi na iya jan ruwa kai tsaye daga tafki. Idan aka haɗa da abin da zafin bazara ke ƙafarwa, a watannin Afrilu da Mayu ruwan kan ja baya sosai, kifi ya taru a ɗan wuri, inda kama shi ba shi da wuya.

Ƙasar da ruwan ya janye ya bari kuwa ba ta zama haka. A yankin da gona ke da tsada, ana nome ta har bakin ruwa, a cire ciyayin da 'ya'yan kifi ke fakewa a ciki. Takin zamani da maganin feshin da aka zuba kan koma cikin tafkin idan ruwa ya dawo.

Akwai kuma yashi da laka. Ruwan farko na damina na sauka ne a kan gonakin da babu komai a kansu, ya kwaso ƙasa ya zuba a madatsa. Bayan kusan shekara hamsin ana haka, zurfin da aka gina madatsun da shi ya ragu.

Madatsar Jakara tana da tata matsalar ta daban. Kogin ya ratsa ta cikin birnin Kano yana kwasar ruwan kwatami, kuma rafin Getsi na kawo masa dagwalon masana'antun Bompai, ciki har da na majemu. Bincike daban-daban da masana suka yi, musamman a Jami'ar Bayero, sun gano ƙarafa masu guba a ruwan da lakar da kuma jikin kifin da ake kamawa a can. A nan tambayar ta wuce yawan kifi, ta kai ga lafiyar mai cin sa.

Kasuwa na ƙara matsi

Hukumomin Najeriya sun sha faɗin cewa ƙasar na buƙatar kifi kimanin tan miliyan 3.6 a shekara, alhali abin da take samarwa bai wuce kashi ɗaya cikin uku na wannan adadi ba. Ana rage giɓin ne da kifin ƙanƙara da ake shigowa da shi daga waje.

Shekaru da dama bandar Baga ce ke cika kasuwannin arewa. Rikicin Boko Haram ya gurgunta wannan ciniki, musamman bayan hare-haren da aka kai garin a 2013 da 2015, da kuma takunkumin da hukumomin tsaro suka sa wa safarar kifi daga tafkin Chadi a lokacin. Masunta da dama sun watsu zuwa wasu ruwayen, kuma dillalai suka juya ga duk inda za a sami kifi.

A 2023 an cire tallafin man fetur, aka kuma bar kasuwa ta tsayar da darajar naira. Kifin ƙanƙara ya yi tsada, haka ma abincin tarwaɗar da ake kiwo a gidaje da gonaki, wanda wasu kayan haɗinsa daga waje suke zuwa.

Ga masuncin Thomas ko Watari, wannan na nufin duk abin da ya fito da shi zai sami mai saye, komai ƙanƙantarsa, domin birnin Kano da kasuwar kifinsa ta Galadima ba su da nisa. Tsadar raga da ƙugiya da katakon jirgi kuma na tilasta masa ya ƙara yawan shiga ruwa kafin ya mayar da kuɗinsa.

Doka na nan a takarda

Najeriya na da dokar kamun kifi a ruwayen cikin ƙasa tun 1992, wato doka mai lamba 108 ta zamanin mulkin soja. Ta haramta amfani da ragar da idonta bai kai milimita 76 ba, kimanin inci uku ke nan, in ban da wasu ragogi na musamman da aka amince da su domin kama nau'in ƙananan kifayen da ke yawo a tsakiyar ruwa. Ta kuma haramta su da guba ko nakiya ko wutar lantarki, ta ba kwamishinonin jihohi ikon ba da lasisi da rufe ruwa na wani lokaci.

Aiwatar da ita ne aikin. Hukumar da ke kula da ginin madatsa daban, ma'aikatar gona mai sashen kula da kifi daban, masu kula da ban ruwa daban, kuma babu wadda aka ɗora wa alhakin tabbatar da cewa an bar wa kifi isasshen ruwa a lokacin haihuwarsa. A matakin tarayya, gwamnatin Shugaba Bola Tinubu ta ƙirƙiro ma'aikatar kula da tattalin arzikin teku a 2023, aka kuma mayar da harkar kifi ƙarƙashinta, amma masu lura da al'amura na ganin hankalinta ya fi karkata ga tashoshin jiragen ruwa da gaɓar teku fiye da ƙananan tafkunan arewa.

A bakin ruwa kuwa, Sarkin Ruwa da shugabannin ƙungiyoyin masunta ne aka fi sani. Su ne suka san wanda ke da taru da wanda ya zo baƙo. Sai dai ikonsu na lallashi ne da jan kunne, kuma yana da wuya mutum ya ƙwace ragar ɗan uwansa alhali ya san ita ce abincin gidansa.

Abin da aka gwada a wasu wurare

A tafkin Kainji, wani shirin haɗin gwiwa tsakanin Najeriya da Jamus a shekarun 1990 ya gano cewa ragar da ake kira dala, wadda ake jan ƙaramin kifin nan warangi da ita, na kwashe 'ya'yan manyan kifaye masu yawa. Jihohin Neja da Kebbi sun haramta ta, kuma an sami nasara a farko saboda an shigar da masarautun Borgu da Yawuri da shugabannin masunta cikin aikin. Bayan shirin ya ƙare, an riƙa samun rahoton cewa ragar ta sake dawowa.

A tafkin Victoria na gabashin Afirka, giwan ruwan da aka zuba a shekarun 1950 ya yaɗu ƙwarai a shekarun 1980, ya cinye nau'o'in ƙananan kifaye masu yawa, ya kuma zama hajar da ake fitarwa zuwa Turai. Daga baya shi ma ya ragu saboda kama 'ya'yansa da ƙananan ragogi. Uganda ta tura sojoji tafkin a 2017 domin ƙwace haramtattun kayan su, matakin da ya jawo zarge-zargen cin zarafin masunta.

Misali mafi kusa da gida shi ne na Argungu a jihar Kebbi. Ana hana su a Matan Fada har sai ranar biki, kuma a nan ne aka kama kifi mai nauyin kilo 78 a bikin 2020. Ruwan da aka ƙyale na wani lokaci, ƙarƙashin ikon da jama'a suka yarda da shi, yakan ba da babban kifi.

Abin da ya rage

Shawarwarin da masana ke bayarwa ba sababbi ba ne: a rufe su na wasu makonni a tsakiyar damina lokacin da kifi ke haihuwa, a keɓe wani gefe na kowane tafki da ba za a shiga ba, a bar zirin ciyayi tsakanin gona da ruwa, a kuma musanya wa masunta taru da raga mai faɗin ido maimakon a ƙwace a bar su hannu rabbana.

Yanayin yankin ma na iya taimakawa. Lokacin da kifi ke zuba ƙwai, a watannin Yuli da Agusta, shi ne lokacin da akasarin masuntan ke gona suna noma, don haka rufe ruwa a wannan tsakani ba zai yi musu ciwo kamar yadda zai yi wa wanda su ne kaɗai sana'arsa ba.

Ana yawan kiran gwamnati da ta zuba irin kifi a madatsun, kuma jihar na da wuraren da za su iya ƙyanƙyashe shi da horar da matasa, kamar cibiyar koyar da kiwon kifi ta Bagauda da Kwalejin Aikin Gona ta Audu Bako da ke Ɗambatta. Amma masana na gargaɗin cewa zuba 'ya'yan kifi a ruwan da ake jan taru a cikinsa asarar kuɗi ce, domin cikin 'yan makonni za a same su a kaskon suya.

Abu mafi wuya shi ne wanda zai ɗauki asarar shekarar farko. Masuncin da ya ajiye ƙaramar raga zai ga kamunsa ya ragu kafin ya ƙaru, kuma zai yarda da hakan ne kawai idan ya tabbata cewa maƙwabcinsa ma ya ajiye tasa, sannan akwai wanda zai hana baƙo shigowa da dare.

Har zuwa lokacin da gwamnatin jiha da masarautu da ƙungiyoyin masunta za su daidaita kan wanda zai ba da wannan tabbaci, ana sa ran kowace bazara za ta ci gaba da samun masunta a Thomas da Watari da Gari da Wasai suna jan raga a ɗan ruwan da ya rage.